Alhaji ne na bakwai

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, na samu aikin buga takardu a wani shago a Birnin Kudu. Kwamfuta biyu, injin fotokwafi ɗaya, sai janareton da ya fi kowa surutu. Katin biki, takardar neman aiki, jarrabawar makarantu, duk ta hannuna suke bi. Hannuna yana da sauri, bakina ya fi shi. Maigidan shagon yana son hannun, yana haƙuri da bakin.

A lokacin akwai wasu masu son mota, 'yan Birnin Kudu da 'yan Gwaram, da suke haɗuwa bayan girbi su gwada motocinsu. Ba a kan titi ba. Wani Alhaji mai sayen hatsi yana da babbar gona a hanyar Basirka. In an kwashe gero sai ya sa tarakta ta baje kunya, a jera tsofaffin tayoyi su zama hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya-ɗaya take shiga, ana riƙe lokaci da waya. Alhajin ba kallo yake zuwa ba, shi ma naɗe hannun riga yake ya shiga. Yayana ne magatakardarsu, shi yake rubuta lokacin kowa a littafi.

Bayan kowace haɗuwa sai su fitar da mujalla. Na ce mujalla ne don haka suke kiranta. Takarda huɗu ce a ninke biyu, a maƙale da fin. Alhaji ke ɗaukar nauyi, a shagonmu ake bugawa, ni nake zama in buga.

Bari in gaya muku abin da ke ciki. Shafin farko, hoton Alhaji ya jingina da motarsa. Na biyu da na uku, gaisuwa: muna gaida wane, muna jinjina wa wane. Tsakiya, hotunan motocin ƙasar waje da aka kwaso daga intanet, irin waɗanda in suka hau hanyar Farin Dutse sai dai a kwaso su a buhu. Shafin ƙarshe kuma jerin waɗanda suka fafata. Alhaji a sama. Sai shugaban direbobi. Sai wanda ya bi shi a shekaru, haka har ƙasa. Babu lokacin kowa.

Sau biyu na buga ta haka ban ce komai ba, wanda a wurina ba ƙaramin jihadi ba ne. Amma ragowar tana zama a kan teburina, ina kallon masu ɗauka. Direba zai shigo fotokwafin lasisi, ya ga hoton mota, ya ɗauka. Wallahi ban taɓa ganin wanda ya tsaya a shafin gaisuwa ba. Kai tsaye baya suke juyawa.

"Malama, to wa ya ci?"

"Ban sani ba."

"Ke da kika buga?"

Sai ya ajiye. Wani bakanike ma cewa ya yi, "Ni ba hoton mutum nake so ba, na san shi. A gaya min me ya yi wa motar." Mahaifina direba ne kafin idonsa ya yi rauni, a kan hirar giya da birki muka tashi a gidanmu, don haka na gane abin da mutumin yake nufi.

Karo na uku Yaya ya kawo rubutun a leda, ya ajiye, ya tafi sallar azahar. Littafin lokacin yana cikin ledar. Na buɗe. Kada wani ya tambaye ni ko an ba ni izini, ba a ba ni ba.

Mota goma sha ɗaya ce ta shiga. Alhaji ne na bakwai. Na ɗaya kuwa wani direban haya ne ɗan Maruta, mai tsohuwar motar da ake ɗaure ƙofarta da igiya. A jerin Yaya shi ne na ƙarshe, don shi ne ƙarami.

Da Yaya ya dawo na juya masa littafin. Na ce, "Wannan fa?"

Ya fizge. "Ke buga abin da aka ba ki. Gonarsa ce, man tarakta nasa ne. Sai a sa sunansa a ƙasan na sa'an ɗansa? Ba ki san girma ba?"

Na ce, "To ku daina wahalar da mota mana. Ku taru a gonar, kowa ya faɗi shekarar da aka haife shi, a watse."

Ya ce Allah ya shirye ni, ya fita da littafinsa. Bai san na riga na kwafe ba.

Washegari ranar kasuwa ce, na shiga tasha na nemo motar mai igiya. Mai ita yana zaune a kan but ɗin bayan motar yana cin rogo.

"Hajiya, Gwaram ko Basirka? Saura mutum biyu."

"Ba inda za ni. Yaya aka yi ka ci?"

Ya waiga hagu da dama. "Wa ya ce na ci?"

"Littafi."

Sai ya yi dariya, ya share hannu a wando, bakinsa ya buɗe. Ya ce ya cire kujerun baya da safaya don motar ta yi sauƙi. Ya rage iskar taya, saboda gonar rairayi ce, taya mai tauri zamewa take. Da sassafe kuma ya zaga hanyar da ƙafa, ya ga a kwana ta uku tarakta ba ta baje wata tsohuwar kunya sosai ba. Kowa in ya zo nan sai motarsa ta yi tsalle ya taka birki, shi kuwa sai ya buɗe ya bi ta gefe.

"Motar Alhaji ta ninka tawa ƙarfi," in ji shi. "Amma yana shiga kwana kamar ta zage shi. Don Allah kar ki buga wannan."

Ban buga wannan ba. Ni ma ina da ɗan hankali.

Sauran duk na buga. Na kori motocin ƙasar waje, na matse gaisuwa ta koma rabin shafi, na ba bayanin ɗan Maruta tsakiya. Jeri kuma na bi littafi: na ɗaya, na biyu, kowa da lokacinsa a gabansa. Hoton Alhaji na bar shi a gaba, ba ni da rigima da hoto. Maigida ba ya karanta abin da ake bugawa, Yaya kuma ya ɗauka na ji magana. Na maƙale, na kai rabi motar Gwaram kamar yadda aka saba.

Da safe ina shiga shago na tarar da maigida a tsaye, waya a hannu, hula a ƙeya.

"Ke wace irin yarinya ce? Kin san rasitin Alhaji da kalandarsa duk a nan ake bugawa?"

Ya ce abu biyu zan yi. In sake bugawa yadda aka ba ni. Sannan in bi yayana gidan Alhaji, in durƙusa, in ce kwamfuta ce ta hargitsa sunayen.

Na ce, "Oga, durƙusawa ba ta yi min wuya, Alhaji a haife ya haife ni. Yanzu ma in ka ce in je in gaishe shi zan je. Amma kwamfuta ba ta hargitsa komai ba. Na bakwai ya zo."

"To ki zaɓa. Ko wannan, ko aikin."

Ban ko zauna ba. Na gyara mayafi, na rataya jaka, na fita ina taka ƙasa da ƙarfi don a san na fita. Sai da na kai bakin titi na tuna na bar kular abincina a ƙarƙashin tebur. Na tsaya na yi shawara da kaina. Alala ce a ciki. Na koma na ɗauka. Na sake fita.

A gida mahaifiyata ta ce, "Ke kullum sai kin gyara abin da ba a sa ki ba. Mota ce taki? Gona ce taki?" Mahaifina ya sa aka karanta masa shafin tsakiya, ya ce, "Yaron nan ya san ƙasa," bai ƙara ba. Yaya ne ya je ya ba Alhaji haƙuri shi kaɗai, ya yi makonni ba ya amsa gaisuwata. Wannan ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Na jefa shi cikin abin da bai shirya ba, kuma na ba shi haƙuri a kan haka. Ya ce jerin fa? Na ce jerin yana nan yadda yake.

Maigida ya zauna da yatsa biyu ya sake buga ta, ya jera sunayen bisa girma. Ta zauna a tebur har aka fara naɗe ƙosai da ita. Tawa kuwa a tashar Gwaram ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana musu a kan iskar taya kamar za a daku. Da ta tsufa sai direbobi suka riƙa kawo ta fotokwafi. A ina? A shagon da aka kore ni. Ƙawata mai shagon ɗinki a gefe ta ce maigida yana karɓa ya ɗora a inji yana kallon silin.

Kada ku ɗauka daɗi na ji. Wata da watanni ina zaune a gida ina tankaɗe, duk wadda ta shigo sai ta tambaya, "Har yanzu ba a mayar da ke ba?" Daga baya na samu aikin buga jarrabawa a ofishin wata makaranta.

Da shekara ta zagayo, an gama girbi, ran nan bayan la'asar sai ga motar Alhaji a ƙofar gidanmu. Mahaifiyata ta dafe ƙirji. "Me kuma kika yi?" Na ce wannan karon ban sani ba.

Na same shi a zaure shi da Yaya. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida uba.

"'Yar nan, ke ce mai jera mutane?"

"Ni ce, Baba."

Ya turo min littafin da ƙafar sandarsa. Ashe bana an gan shi da sassafe ya tattare babbar riga yana zaga gonarsa da ƙafa, kuma kujerun bayan motarsa suna gida.

"Na huɗu na zo," in ji shi. "Yayanki ya sake rubuta ni a sama. In aka sa ni a sama, wa zai san daga bakwai na taso? Ki buga yadda yake. Ki sa na bara a gefe, kowa ya gani."

Na ja littafin, na bi lokutan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na sake bi. Yaya yana ta yi min ido.

Na ce, "Baba, na biyar ne. Akwai ɗan Farin Dutse da ya riga ka da daƙiƙa ɗaya. Yana bayan shafi, an tsallake shi."

Yaya ya rufe fuska da hula. Alhaji ya kafe ni da ido, har na fara tunanin ko wannan aikin ma zan rasa, alhali ba ruwansa da makarantar. Can ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Sa biyar ɗin," ya ce. "Allah ya shirye ki."

Na ce amin.

Har yau akwai masu ba da labarin nan a matsayin labarin yarinya marar kunya, kuma ban hana su ba. Ni dai na san babba shi ake fara gaisarwa, shi ake ba tabarma, shi yake fara sa hannu a kwano, kuma duk ina yi. Amma mutumin da ya juya shafin ƙarshe ba gaisuwa ya zo nema ba. So yake ya san wa ya ci, da wace mota, ta yaya, don shi ma ya gwada. In ka ɓoye masa wannan ka raina shi, ka raina wanda ya ci, har shi babban da kake karewa ka hana shi sanin inda yake.

Maigida bai taɓa kirana in koma ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. In na wuce ta ƙofar shagon ina gaishe shi, yana amsawa. Yaya kuma mun daɗe da shiryawa. Sai dai har gobe in na shiga gidansa, kafin ya ce sannu da zuwa, sai ya fara kwashe littattafansa daga kan tebur.