Tsiren da Muka Ci a Sanyaye

Jiya wani mai shago a Roumdé Adjia ya miƙo mini shayi, sai na ji hannuna ya ƙi karɓa. Nan take na tuna marigayi Baba, wanda na gaji aikin kimanta darajar kasuwanci a wurinsa.

Baba ba ya shan ko ruwan mutum sai ya fassara masa takardar yarjejeniya daga Faransanci, sun sa hannu. Na taɓa raka shi wurin wani mahauci da zai sayar da rumfarsa. Aka kawo tsire da zafinsa, ƙamshin ƙuli ya cika wurin. Baba bai ko kalla ba.

Mahaucin ya ɓata rai. "Haba Malam, sahu ɗaya muke sallah, yau sai da takarda?"

Baba ya ce, "Alhaji, an rubuta a nan cewa gaskiyar darajar zan faɗa. In na fara cin namanka, bakina zai yi nauyi."

Mahaucin ya sa hannu yana ƙunƙuni, muka ci tsiren a sanyaye.

Jiya ma sai da aka sa hannu na ɗauki kofin. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Lallai ke 'yarsa ce."

Allah ya jiƙanka, Baba, ya bar mini wannan taurin kan naka.