Farcen Tsuya a Bayan Karta

Duk mai zuwa gwanjon tsofaffin kayan caca da ake yi sau biyu a shekara a zauren wani haikali da ke bakin kogin Kamo, a Kyoto, ya san Fumino Oshida. Ita ce gajeruwar tsohuwar nan da ke riga kowa isowa, ta jera takalmanta a ƙarshen layi, ta zauna gindin taga inda haske ya fi yawa. Ba ruwanta da ƙwayoyin caca na ƙashi, ko ƙoƙunan gora da ake kife su da su. Karta kawai take dubawa, kartar furanni, ita ma ba ta fuska ba. Mutane na can suna yaba zanen farin wata da na furen ceri, ita kuwa sai ta kife kati, ta karkata baƙin bayansa wajen haske, ta shafa kusurwarsa da yatsa, ta mayar.

Shekarunta saba'in da huɗu. Arba'in daga ciki ta yi su ne a wani ɗan shagon gyaran tufafi a unguwar Gojo, tana rage tsawon wando tana sauya zif. Ba ta taɓa yin caca ba, ko irin ta ƙwayar wake da yara ke yi ranar sabuwar shekara.

Mahaifiyarta, Tsuya, mai liƙa bayan karta ce. A zamanin, masana'anta ke buga zanen ta yanka, sai a raba wa matan unguwa gida-gida. Su ne za su shafa wa baƙar takarda gam na sitaci, su manna ta a bayan kati, su naɗo bakinta ta zagaye fuskar kamar kalmasar riga. Kati arba'in da takwas ne ɗauri guda, huɗu ga kowane watan shekara. Tsuya ta fi kowa sauri a layinsu. Sai dai tun tana budurwa wuƙar yankan takarda ta tsaga mata farcen babban yatsa, ya warke a tsage. Duk katin da ta danne kusurwarsa ta ƙarshe sai ya fito da 'yan layuka biyu sirara, waɗanda ba a ganinsu sai an karkata shi wajen haske.

Fumino na da shekara tara aka yi rigima a wani gidan caca da ke bayan tasha. Wani da aka cinye ya ga layukan a bayan katin farin wata, ya ce an yi masa coge, aka fasa wa mutum kai. Mai masana'antar, don ya tsira da sunansa, ya ce ai aikin mace ɗaya ne, 'yan caca ne suka saye ta. Ya kori Tsuya, ya tattaro duk ɗaurin da ya bi ta hannunta ya ƙone a tsakar gida. Daga ranar sunanta ya koma Tsuya mai coge. A makaranta yara kan kife littafi su ce da Fumino, "'Yar mai coge, faɗa mana abin da ke ciki." Tsuya ta koma wanke kwanuka a wani masauki, ba ta ƙara taɓa kati ba, ba ta kuma taɓa kare kanta gaban kowa ba. Har ta mutu, in za ta miƙa wa mutum abu, sai ta lanƙwashe babban yatsan cikin tafin hannu.

Bayan rasuwarta Fumino ta fara bin gwanjo. A shekara ashirin ta tara kati talatin da ɗaya masu layukan, ɗai-ɗai, daga ɗauri dabam-dabam. Ta sha nuna wa masu tara kaya, tana cewa mahaifiyarta kowane kati take yi wa haka, mai coge kuwa zaɓa yake yi. Amsarsu ɗaya ce, har da "san" na girmamawa a jikin sunanta: "To ai masu alamar kika bi kika tsinto, Oshida-san. Kawo mana cikakken ɗauri." Cikakken ɗauri kuwa ya zama toka tun tana yarinya. Kafin nan labarin ya yi ƙiba a bakin dillalai, har aka ce Tsuya ta yi wa manyan 'yan dabar birni aiki, domin kayan coge sun fi na gaskiya tsada nesa ba kusa ba.

A kakar bana littafin kayan da za a yi gwanjonsu ya iso mata shago. A shafi na shida ta ga hoton ɗan akwatin katako, an rubuta a ƙasa: *Kartar coge, cikakken ɗauri, aikin hannun Tsuya ta Gojo.* An same shi ne a rumbun wani gidan manoma da aka rushe. Ta karanta sau uku. Ta rufe shago da tsakar rana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta je ta ciro kuɗin da ta daɗe tana ajiyewa domin irin wannan ranar.

Ran gwanjo da safe, lokacin duba kaya, ta tarar an riga ta gindin akwatin. Likitan haƙori ne daga Osaka, Monzen, mai ƙaton ciki da farar safar hannu, wanda ya cika ɗaki guda a gidansa da ƙwayoyin da aka ɗura wa dalma da sauran kayan cuta. Kusa da shi mai gwanjon ne, Hirabe, ɗan shekara hamsin mai sanƙo, wanda Fumino ta sha rage wa wandon makaranta.

"A'a, Inna ta iso," in ji Hirabe. "Yau dai kin ga abin da kike nema. Ina fata kin zo da jaka mai nauyi, don Likita ba da wasa ya hau jirgin ƙasa ba."

"Wa ya rubuta wannan?" Ta ɗora yatsa a shafi na shida.

"Ni ne. Da kuskure?"

"Wace kalma ce ta biyu?"

Hirabe ya shafa sanƙonsa. "Haba Inna, haka kowa ya san ta. Ba ni na ƙirƙira ba."

"Kati nawa ka juya?"

"Na ga farin wata, na ga tsuntsu mai dogon wuya, na ga labulen ceri. Duk manyan katunan suna da alama."

"Ƙananan fa? Tarkacen da ba su cin komai?"

"Wa zai tsaya duba tarkace?"

Monzen ya yi dariya har cikinsa na rawa. "Baiwar Allahn nan wace ce, Hirabe-san? 'Yar sanda?"

"'Yar Tsuya ce," in ji Fumino da bakinta. "Ta cikinta. Likita, tunda kai ne masanin coge, a kife su duka a kan tabarma, ka ciro mini farin wata."

Masu duba kaya suka fara matsowa. Hirabe ya ce ba a wasa da kayan mutane. Amma Monzen ya riga ya ji daɗin idon jama'a a kansa. Ya ce a shimfiɗa ƙyalle, shi da kansa zai jera, kuma in ya ciro, Inna za ta saya masa shayi. Ya kife su sahu shida, takwas-takwas, aka gauraya masa yana kallon rufi. Ya fito da gilashinsa na dubawa, ya sunkuya, ya yi ta bi. Can ya ce, "Ga shi," ya juya. Tarkacen ciyawa ne.

"Hasken ne," in ji shi.

"Matso taga," in ji Fumino. "Wurina ne, na ba ka aro."

Ya sake juya wani, ya ga ganyen kaka. Na uku ya ga ruwan sama. Wani dillali daga baya ya ce, "Likita, in haka kake ciran haƙori, ni dai na yafe." Aka kwashe da dariya. Monzen ya daina zaɓe, ya shiga bin katunan ɗaya bayan ɗaya, sahu bayan sahu, gumi na tsattsafo masa a goshi. Da ya kai ƙarshe ya ɗago.

"Duka suna da alamar," ya ce a hankali. "Wuri ɗaya, iri ɗaya."

Fumino ta matso bakin ƙyallen. Tana kallon kusurwoyin nan arba'in da takwas, kowace da layukanta biyu, kamar yanzu aka ɗauke yatsa daga kai. Ta cusa hannunta cikin hannun riga.

Hirabe ya ja ta gefe, bayan wani ginshiƙi, ya rage murya. "Inna, kin san abin da kika yi? Mai kayan nan ya sa rai da farashin coge. Yanzu kin mayar da ita kartar gida."

"Kartar gida ce."

"Na ji. Amma bari in gaya miki abin da za a faɗa kafin a kai tasha. Za a ce tsohuwa ta zo ta karya farashi don ta saye da araha. Za a ce wayon gado ne. Ki bar rubutun yadda yake, ki taya, in kin samu ki kai gida ki rubuta abin da kika ga dama a kai."

Ta daɗe tana kallonsa. Gaskiya ya faɗa, ta san mutanen zauren nan. In ta saya, ɗaurin zai shiga aljihun teburinta, littafin kuma ya ci gaba da yawo a gidaje ɗari uku da kalmar nan a ciki. In aka gyara kuma ta saya, gyaran ma zai zama coge. Ta zaro ɗan allon katako mai lambarta, wanda ake ɗagawa in za a taya, ta danƙa masa a hannu.

"Riƙe. Yau ban zo saye ba."

"Inna, shekara ashirin fa kina..."

"Na fi ka sanin shekarun. Ka soke kalmar, ka buga hatiminka a kai yadda ake gyaran takardar kirki, ka karanta da ƙarfi kafin a fara tayi. Littafi na gaba kuma ka sa gyaran a shafin farko."

"In na ƙi fa?"

"Sai in zauna gindin taga kowane gwanjo ina ba mutane labarin yaron da ya tsage wandonsa a katangar makarantar 'yan mata."

Hirabe ya yi tsaki, ya laluba aljihu ya fito da hatimi.

Da aka zo kan akwatin, ya miƙe ya gyara murya. Ya ce akwai gyara a shafi na shida. An duba kati arba'in da takwas a gaban jama'a, alamar da ke bayansu sawun farcen mai liƙawa ne, ba ta bambanta kati da kati. "Kartar furanni ce, cikakken ɗauri, aikin hannun Tsuya ta Gojo. Babu coge." Ya faɗi na ƙarshen da sauri.

"Ban ji ba," in ji Fumino daga gindin taga. "Kunnen tsufa."

"Babu coge!"

Monzen bai taya ba, ya ce shi ba ya tara kayan mutanen kirki. Tayi ya tashi a sanyaye, ya tsaya ƙasa da rabin abin da ke cikin jakar Fumino. Tana zaune, hannayenta biyu a kan jakar, ba ta motsa ba. Aka sallama wa wata mata daga Kanazawa mai tara kayan aikin hannu, wadda ta naɗe akwatin a ƙyalle, ta rusuna mata daga nesa. Fumino ta mayar da gaisuwar. Idonta ya bi ƙyallen har ƙofa.

Da aka watse ta je teburin Hirabe ta miƙa hannu. Ya ba ta allon lambarta, ta ce ba shi ba. Ya yage shafi na shida daga littafinsa ya ba ta, kalmar a soke da layi biyu, jan hatimi a kai.

Kafin rana ta faɗi ta isa gida. Ta buɗe ɗan akwatin tunawa da magabata da ke kusurwar ɗaki, ta sauya ruwan kofi, ta kunna turare, ta jingina takardar jikin hoton Tsuya. A hoton ma hannun dama a dunƙule yake a kan cinya.

"To, ga shi nan da hatimi," in ji Fumino. "Kartar ta tafi Kanazawa, kada ki tambaye ni. Ke dai ki fito da yatsan nan haka."

Ta koma shago ta ɗaga labule. Akwai wando uku da ke jiran a rage musu tsawo.