Ɗan fari ba ya shiga takarda

Shekarun baya, ina zaman jiran sakamakon sakandare, yayana ya sa ni aiki. Yana shekarar ƙarshe a jami'a a Aliero, ilimin zamantakewa yake karantawa, kuma saura mako biyu ya miƙa bincikensa kan yawan haihuwa a Jandutsi. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, don haka sai ni.

A kan babur ya yi mini lacca. Wai magabatan iliminsu sun rabu biyu. Wasu sun ce tsaya daga nesa ka ƙirga mutane kamar buhunan albasa, lissafi ba ya ƙarya. Wasu sun ce zauna da mutum har ka gane abin da yake nufi. Shi na farko ya bi.

"Gara haka," na ce. "Ni ba ni da lokacin zama."

Har yau ranar kamar mafarki nake ganinta. Fadama kore shar, balbelu na bin shanu, ni kuwa gida bayan gida, in tambaya, in rubuta, in fice. A wani gida na tarar da mata tana yankan kuɓewa.

"Ɗiya nawa gare ki?"

"Ukku."

"Ga huɗu nan suna ce miki Inna."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Surukarta, wata tsohuwa a gindin darbejiya, ta ce, "Ke ɗiyar birni, wa ka ƙirga ɗan fari? Tai ki tambayi uwarki."

Ashe duk takardun da na cika, kowacce da giɓin yaro guda. Da muka koma gida Jega na faɗa wa yayana, ya ƙi yarda. Sai na juya wurin mahaifiyarmu tana raba tuwo.

"Inna, mu nawa kika haifa?"

Mu biyar ne, shi ne babba. Ta kalli tukunya ta ce, "Huɗu."

Washegari muka koma Jandutsi, na yi kwana shida a kan tabarmi ina ɓare gyaɗa ina saurare, har ƙafata ta yi tsami. A ranar ƙarshe ya miƙa binciken, da babi guda a kan kunyar ɗan fari.

Gajen haƙurina yana nan, ban warke ba. Amma in an ba ni amsa yanzu, ina duban inda ido ya tafi. Don a ranar da Inna ta ce huɗu, na ga kwanon da ta sa wa tsoka mafi girma: na yayana ne.