Gashin Fezan a Ƙofar Damata

Duk wanda ya hau benenmu a unguwar Mount Hope, cikin Bronx ta birnin New York, in ya kai hawa na huɗu zai ga dogayen gashin tsuntsu masu ratsi-ratsi an soke su a saman wata ƙofa. Ƙofar Damata ke nan, maƙwabciyata. Baƙi sukan ɗauka ado ne. Mu da aka yi abin a gabanmu mun san tsokana ce, kuma da gangan ta yi.

Damata 'yar Dogon Dutsi ce ta ƙasar Nijar, gajera, mai kaurin murya, ba a taka ta ta ƙyale. Da ta zo ƙasar nan gyale da tabarau ta fara kasawa a Canal Street, har gwiwoyinta suka gaji da gudun 'yan sanda da ƙunshin kaya a ka. Sai ta koma dafa wa masu kasa kayan abinci. Dambu ne, shinkafa da wake ce, ta zuba a robobi ta hau jirgin ƙasa ta kai musu. Mijinta Issoufou direban tasi ne, mutum shiru-shiru, ɗan maharbi.

Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ya dawo daga asibiti hannun dama ba ya ɗaguwa, magana da ƙyar, likita kuma ya hana shi gishiri da maiƙo. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ya daina cin abinci. Matar da ke ciyar da rabin Canal Street ta kasa sa mijinta ya haɗiye loma. Kullum wuyan rigarsa ƙara faɗi yake. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai a mayar da shi a zura masa roba ta hanci. Damata ta ce ba dai tana numfashi ba.

Wata rana tana lallashinsa ya buɗe baki ya ce, "Fakara." Tsuntsun dajin da babansa ke harbo musu yana yaro yake nufi. To ina fakara a Bronx? Damata ta bi gidajen da ake sayar da kaji masu rai a yanka maka nan take, ɗaya bayan ɗaya, har ta ga wani tsuntsu mai jar fuska da koren wuya da doguwar jela. Fezan, in ji ta, haka sunansa da Faransanci. Ta dubi ƙafafunsa ta ce ai wannan ɗan uwan fakara ne da ya samu wuri. Ta tsaya a kan mahaucin, Musulmi ne, ya yi bisimilla ya yanka. Ta ce a ba ta gashin jelar, don Issoufou ya gani da idonsa cewa ba kazar kanti aka kawo masa ba.

Gashin nan shi ya jawo magana. Ya leƙo daga jakarta, Ramatou ta hawa na biyu ta gani a matattakala. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa: miji a kwance, mace ta shigo da gashin tsuntsu mai launi iri-iri, ga ta kuma 'yar Dogon Dutsi, garin da suke cewa na bori ne. Wa ke sa a nemo irin wannan in ba boka ba? Wallahi abin ya ƙona min rai. Waɗanda ba su taɓa leƙowa da ko kofin kunu ba, su ne yau suka san abin da ya dace da marar lafiya.

Ga shi kuma girkin farko ya lalace. Damata ta ɗauke shi kamar tsohuwar kazar nan mai tauri da muka saba saye, ta sakar masa wuta ya yi ta tafasa, ta kuma soya. Ashe tsuntsun ba shi da kitse ko kaɗan. Ƙirjin ya bushe ya koma kamar igiya. Issoufou ya tauna ya tofar, ya juya fuska bango. Ta shigo wurina ta yi kuka, karo na farko da na ga hawayenta. Sannan ta fyace hanci ta ce, "Maman Nurudeen, laihina ne, ba na tsuntsu ba. Gobe ina komawa."

Na ce, "Da wannan surutun da ake yi?"

Ta ce, "Bakinsu za ya ci, ko na Malam?"

Ta sayo na biyu, ta jiƙa shi a nono ya kwana a firij. Washegari da hantsi ina taya ta yankan albasa sai ga Alhaji Mu'awiya, yayan Issoufou, ya taso tun daga Harlem fuska a murtuke.

"Damata, mi nike ji? An kira ni a téléphone an ce kin shigo da tsahi gidan ƙanena."

"Sannu da zuwa, Yaya. Zamna nan cikin kitchen ka gane ma idonka."

Ta je ta wangale ƙofar gida don na matattakala su ji da kyau. Ta dawo tana ɗaga kaya ɗaya-ɗaya da ƙarfi. "Ga tsahin hwarko, nono, shi ke sa nama laushi. Ga citta, ga tahwarnuwa, ga masoro, ga kanumhwari. Ramatou, kina ji ko in ƙara murya?" Ta fara zuba cinyoyi da ƙashin baya a tukunya, ta rage wuta ƙasa-ƙasa, ruwan yana ɗan motsi kawai, don cinyar fezan jijiyoyi gare ta, haƙuri take so. Ƙirjin kuwa ta ajiye gefe. Sai da cinyoyin suka saki ta yanka shi siriri ta zuba, yana canja launi ta sauke. Maimakon gishiri ta matsa lemon tsami, ta sa 'yar daddawa.

Alhaji ya ce, "Ba za ya ci wanga abu ba. In ta kama, ni da kaina zan kira ambulance a maida shi hôpital."

"Hôpital roba za su sa mishi. Ni cokali zan sa mishi. Wanda ya isa ya riƙe hannuna."

Ta ɗiba ta ci a gabansa, ta miƙo min. Ɗanɗanonsa tsakanin kaza da zabo yake, ya fi kaza ƙamshi, bai kai zabo ƙarfi ba, can ƙarshen harshe kuma akwai wani ɗan ƙamshin daji. Ta zare jijiyoyin tsaf, ta zuba romon a kan tuwon shinkafa mai laushi, ta ɗora gashin jela guda a gefen faranti. Muka bi ta ɗaki, har da Alhaji.

Issoufou ya ɗauki gashin da hannun hagu yana juya shi. Ta kai masa cokali, ya sansana, ya kurɓa. Ya daɗe yana tauna 'yar tsokar.

Ya ce, "Ba fakara ba ce."

Alhaji ya fara lalubar waya a aljihu. Damata ba ta ko dube shi ba, cokalin yana nan a hannunta a miƙe.

Issoufou ya ce, "Ƙaro."

Ya cinye farantin nan tas. Alhaji ya mayar da wayarsa, ya zauna a bakin gado yana share ido da hannun riga. Damata kuwa ta ɗauki gashin ta hau kujera ta soke shi a saman ƙofa, ta leƙa matattakala ta ce, "Ga tsahin nan, kowa ya zo ya gani!"

Tun daga ranar, duk fezan ɗin da ta sayo sai an ƙara gashi guda. Ta daina hawa kujera dai. Issoufou ne ke fitowa a hankali yana jan ƙafa, ya jingina da bango, ya miƙa hannun hagu ya soke da kansa.