Malam Tukur da sulhun da muka yi a Cheras

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tashar jirgin ƙasa ta LRT a Sri Petaling aka kira ni a waya, wai Malam Tukur ya rasu. Jirgi biyu suka wuce ni ina tsaye, na rasa gida zan koma ko gaba zan yi.

Ga wanda bai san shi ba, malamin tarihi ne a wata kwaleji a nan Kuala Lumpur. Ni bai taɓa koyar da ni a aji ba, injiniyanci nake karantawa. Amma duk Bahaushen da ya sauka a garin nan ɗalibin Malam ne, ko yana so ko ba ya so.

Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi. Satina na farko abincin garin ya ƙi karɓa ta, sai ga shi da kular tuwo da miyar kuka daga gidansa. Lif ta lalace ran nan, da ƙafa ya hau bene hawa bakwai.

Matsalarsa ɗaya ce: Jamus. Ko lafiyar iyali ka tambaye shi, kafin shayinka ya huce ya kai ka Jamus ta gabanin Yaƙin Duniya na Biyu. Yadda mutumin nan mai guntun gashin baki ya samu mutane cikin yunwa da jin haushi, ya nuna musu wanda za su tsana. Yadda manyan Turai suka zauna suka yanki wani ɓangare na Cekoslobakiya suka miƙa masa don a zauna lafiya, masu ƙasar suna wani ɗaki suna jiran a faɗa musu abin da aka yanke. Shekara ba ta cika ba yaƙi ya ɓarke. Bajamushe muke ce wa Malam a bayan idonsa, ya kuma sani, dariya kawai yake yi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba, yau zan faɗa.

Bara, lokacin ina shugaban ɗalibanmu, rigima ta tashi a wani gidan haya a unguwar Cheras. Mutum huɗu ne a ciki. Ɗaya, ba zan kama sunansa ba, ga ƙarfi ga baki. Ya fara da mamaye teburin karatu na falo, aka ƙyale shi. Ya ɗebo abokai suka tare, aka ƙyale shi. Daga nan ya ce ɗakin Habu, ɗaya daga cikin mutum huɗun, yake so. Habu kuwa shiru-shiru ne, semista ɗaya ta rage masa ya gama.

Sai muka yi yadda muka saba a gida. Manya suka zauna, aka kira mai rigimar aka lallashe shi, ya rantse daga wannan ba zai ƙara neman komai ba. Habu ba mu kira shi ba, wai don kada magana ta yi tsawo. Aika masa muka yi ya yi haƙuri, ya koma ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Aka shafa fatiha, ni har da ɗaukar hoto.

Malam ya iso a makare daga aji. Ya dubi falon, ya tambaya ina Habu. Da aka faɗa masa, sai ya juyo wajena.

"Shugaba, kun ba da ɗakin mutum ba ya wurin. Ba sulhu kuka yi ba, kun dai ɗaga rigimar zuwa gaba."

A gaban mutane ne, abin ya yi mini zafi. Na ce, "Haba Malam, nan fa ba Jamus ba ce." Aka fashe da dariya. Malam ya sa takalminsa ya fita.

Ba a yi wata biyu ba mutumin ya hana Habu sakat har a ɗan ɗakin. Habu ya tattara kayansa ya koma Katsina, karatun bai ƙare ba.

Maimakon in je in ce Malam ka yi gaskiya, sai na shiga wasan ɓuya da shi. Har masallacin Juma'a na canza, saboda kunya da banzan girman kai.

Sati uku da suka wuce muka yi kiciɓis a wani shagon mamak, irin gidajen abincin Indiyawa Musulmi. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Shi ya fara gaishe ni, ya jawo mini kujera, ya sa aka kawo mini shayi. Ya tambayi ciwon ƙafar mahaifiyata, abin da sau ɗaya na taɓa faɗa masa. Maganar tana bakina, amma na ce a raina ba a teburin cin abinci ake neman gafarar babba ba, sai na je har gida.

Da zan tashi ya riƙe hannuna. "Ka zo gida, Shugaba. Kada ka ce sai ka samu lokaci."

Na ce in sha Allahu da zarar na gama jarabawa. Ban san daga asibiti yake ba.

Ɗazu na jira gari ya waye a Najeriya na kira Habu. Ashe ya riga ya ji, iyalin Malam sun sanar da shi. Ashe duk Juma'a Malam yana kiransa, shi ya bi masa takardunsa a nan har ya samu ya ci gaba da karatu a gida. Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Ni na yafe tuntuni, Yaya. Amma nawa kaɗai zan iya yafewa."

Tunda a gaban mutane na yi wa Malam, a gaban mutane nake faɗa: Malam ya yi gaskiya, ni na yi kuskure, kuma ban je ba.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Tukur, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa, Ka dubi iyalinsa a wannan ƙasa ta baƙunta. Bayan la'asar za a yi masa sallah. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a, ni kuma ya roƙa mini Allah Ya sa Malam ya yafe mini kafin ya cika.