Sallamar da Baba Bai Ji Ba

Ina tsaye a bayan ɗakin jarrabawa, ina kallon ɗalibai suna satar kallon takardun junansu, wayata ta motsa a cikin jaka. Ban saba ɗaga waya a irin wannan wuri ba, amma da na ga sunan Inna na fita baranda, domin Inna ba ta kiran mutum da hantsi. Ta ce, "Hadiza, ki taho gida. Babanku ya cika." Na yi istirja'i, na tambayi yaushe. Ta ce bayan ya karya kumallo ya koma ya kishingiɗa, shi ke nan. Sannan ta ƙara da cewa, "An aika ma na Shagari. Bai ce komi ba."

Na Shagari shi ne yayana, Malam Nasiru, mai makarantar Islamiyya a can. Baba ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shi ne zai sallaci gawarsa, ga shi kuma watanni sun shuɗe ba sa zama wuri ɗaya. Tun daga Sakkwato har Boɗinga abin da ke raina ke nan, ya hana ni ko kukan da ya kamata in yi.

Waɗanda suka zo mana gaisuwa sun san mahaifina, Alhaji Sa'idu, da sunan Alhaji Likita, ko da yake bai taɓa zama likita ba, kuma bai taɓa gajiya da gyara wa mutane wannan kuskure ba. Ma'aikacin lafiya ne na ƙaramin asibiti. Ya zauna Horo Birni, ya zauna Danchadi, ya yi Dingyaɗi, ya dawo gida ya yi ritaya. Matan da suka cika tsakar gidanmu kusan abu ɗaya suka riƙa maimaitawa: kafin ya ɗora abin awon ƙirji a jikin yaro sai ya ɗumama shi a tafin hannunsa, kuma idan ya ɗora yakan daɗe yana saurare har uwar yaron ta fara tsorata. Yakan ce, "Jiki shina hwaɗin ciwonai, mu ne ba mu da haƙurin saurare." Ba ya yin allura sai da dalili. Saboda haka wasu suka ɗauke shi marowaci, suka riƙa wuce shi zuwa kyamis, ranar da abin ya ƙi kuma su dawo, ya karɓe su bai tuna musu ba.

Akwai kuma abin da masu gaisuwar suka sani, suka yi mana karamcin ƙin ambata. Baba yana son waƙoƙin wani Ba'amurke mawaƙin rok an rol, wanda ya yi tashe tun kafin a haife ni, ya kuma mutu tuni. A makarantar koyon aikin lafiya ya kamu da son, ta hannun wani abokin ɗakinsa, ya dawo gida da takardar shaida da faya-fayan garmaho cike da akwatin ƙarfe. Ba a kiran sunan mawaƙin a gidanmu. Inna ta raɗa masa Mai Ihu, sunan ya bi shi, har Baba da kansa yakan ce bari ya je ya gaisa da Mai Ihu.

Yana da ƙa'idojinsa. Ba ya sa faifai ranar Juma'a, ba ya sawa a watan azumi, kuma da ladan ya gyara murya zai ɗaga allurar garmahon ko da waƙar ta kai inda ya fi so. Da auduga yake goge kowane faifai, daga tsakiya zuwa baki, kamar mai wanke rauni. Da na fara wayo na tambaye shi ko yana jin abin da mutumin ke faɗi, domin Turancin bai yi kama da na ajinmu ba. Ya ce rabi yake ji, rabin kuma ya gode wa Allah da bai ji ba. Masu yi masa nasiha ba su taɓa yankewa ba, amsarsa kuma ba ta taɓa sauyawa ba: "Ban ce halal ne ba, ban kuma ce kowa shi biyo ni ba. Ku bar ni da Wanda ya fi ku rahama."

Nasiru bai taɓa yi masa nasiha ba. Tun yana yaro, da an sa faifai sai ya ɗauki allonsa ya fita. Baba kuwa yana alfahari da karatunsa fiye da duk takardun da na tara, kuma bai ɓoye mini ba. A ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, ya sha nuna shi yana cewa, "Ran da na mutu wanga za ya sallace ni. Liman shi yi haƙuri."

Garmahon ya riga mai shi mutuwa. Allura ta ɓace a kasuwa, kaset ya zo ya wuce, akwatin ya koma ƙarƙashin gado. Bara sai kamfanin da ke riƙe da waƙoƙin ya koma ga zaren kaset na asali da aka ɗauki muryar a situdiyo, ya shiga sake fitar da kundayen waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, da sautin da suka ce ba a rage masa komai ba. Waƙa ɗaya ta fi kundi guda na irin da ake turawa a waya nauyi, sabis ɗin unguwarmu kuwa sai an fita bakin titi. Na sauke su a Sakkwato, na zuba a wata waya, na haɗa masa da hedifon irin mai rufe kunne ruf, domin masu sayarwa sun ce jin su da ƙaramar sifika asarar data ce kawai. Na karanta cewa kunnen mai shekarunsa ba zai bambance sabon sautin da tsohon ba, na kuma gaya masa, saboda an koya mini faɗin abin da na karanta. Ya ce, "Uwata, kunnen nawa ne ko na mai rubutun?"

Ya sa, ya rufe ido. Ba a yi nisa ba ya cire ya dube ni. "Akwai mai fiyano!" in ji shi. Duk shekarun nan ƙarar faifai, mai kama da suyar ƙosai, ta binne wani mai fiyano a can baya. "Tun ina saurayi nike shiga ɗakin mutanen ga, ashe akwai wani zaune ga kusurwa ban taɓa gaishe shi ba." Ya ji mawaƙin yana jan numfashi kafin ya ɗaga murya. Ya ji yatsa na zamewa a kan tsirkiyar jita, ya ji wani ya yi dariya a ƙarshen wata waƙa kafin a kashe na'ura. Bai yaba duka ba. Ya ce akwai kundin da suka goge ƙal har ya koma ɗakin tiyata, ba datti, ba mutane. Duk da haka, duk zuwan da zan yi sai ya tambaye ni ko an fito da na gaba.

Abin da masu tallar ba su rubuta ba shi ne, mai sauraren garmaho yana jin ladan, yana jin baƙo. Mai hedifon ba ya jin kowa.

Wata Asabar bayan la'asar Nasiru ya zo daga Shagari da malaminsa, dattijon da ya karantar da shi manyan littattafai, wanda ya daɗe yana son ganin mahaifin ɗalibinsa. Baba na zaune a zaure, ido rufe, ƙafa na buga tabarma. Nasiru ya yi sallama daga bakin ƙofa. Ya sake. Ya yi ta uku. Zai iya takowa ya taɓa kafaɗarsa, gidan ubansa ne. Amma malaminsa na tsaye, kuma littafi ya ce bayan uku a juya. Ya juya. Masu zaman dakalin maƙwabta sun ga komai. Kafin magariba buga ƙafar ta zama rawa, washegari kuma an ƙara mata tafi.

Daga bakin maƙwabci Baba ya ji. Ya kira wayar Nasiru ba a ɗaga ba, bai kuma sake kira ba. Ni ya aika, da saƙo ɗan gajere: "Ki hwaɗa mai ban ji ba." Na tarar da Nasiru a kan buzunsa, ɗalibai sun tashi.

"Yaya, Baba ya ce bai ji ba."

"Na san bai ji ba, Hadiza. Abin da ya hana shi ji shi ne maganar."

"To kai da ka ga bai ji ba, mi ya hana ka shiga?"

"Ke boko tambaya ya koya miki. Bai koya miki kunya ba."

Bai yanke zumunci ba, domin ya san hukuncin hakan fiye da ni. Buhun gero bai daina zuwa ba. Ranar Sallah ya zo ya durƙusa ya gaida Baba, ya tashi tun ba a kawo ruwa ba. Baba kuma bai daina saurare ba, amma ya koma zama yana fuskantar ƙofa, da hedifon a kunne ɗaya. Wata rana ya gaya mini, yana murmushi, cewa mai fiyanon yana ɓangaren kunnen da ya bari a buɗe, don haka ya sake rasa shi. Na ce ya sauya kunne mana. Ya ce wancan ne ya fi jin ƙofa.

Da na iso gida ranar rasuwar, Nasiru ya riga ni. Shi ya yi wa Baba wanka, shi ya sa masa likkafani, ba wanda zai ce ya rage wani abu. Aka fitar da makara ƙofar gida bayan azahar, aka fara jera sahu. Sai labari ya shigo wurin mata cewa Nasiru ya ce wa liman, "Allah gafarta Malam, ku shige gaba," ya koma sahun baya.

Wanda ba ɗan garinmu ba zai ɗauka ladabi ne. Mu mun san ma'anar malami ya ja da baya daga sallatar mutum: hukunci ne da ake yankewa ba tare da an buɗe baki ba. Da Baba bai yi ta nanata wasiyyarsa a gaban duk wanda ke tsaye a sahun nan ba, da abin ya wuce ba a lura ba. Yanzu kuwa garin zai koma gida da labarin cewa ɗansa ma ya ƙi shi. Liman, Allah ya saka masa, ya ce yana shakkar alwalarsa, ya nemi buta, ya shiga yin alwalar da ban taɓa jin mai tsawonta ba. Rana na dukan makara. Mata sun daina kuka, suna kallon Inna.

Inna ta miƙe ta ce a kira mata yayana. Ya shigo ya tsaya a ƙofar zaure ta ciki, kansa a ƙasa. Dole in bayyana wa matasa wani abu a nan. Nasiru ɗan fari ne, Inna kuma ta tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa doguwar magana. Mu take ba saƙo mu kai masa, ko da yana tsaye a gabanta.

Ta ce, "Nasiru."

Matan tsakar gida duk suka juyo.

"Ranar da kunka zo da malaminka ina bayan ƙofar ga, ina tsintar shinkafa. Ka yi sallama na amsa. Ka sake na amsa. Ta ukun ma na amsa. Ban ɗaga murya ba don akwai baƙo namiji. Kai ka karanta, ka hwaɗa min. In mutum guda ya amsa cikin gida, an amsa ko ba a amsa ba?"

Ya ce, "An amsa, Inna."

"To shi Babanku mun san abin da ya sa ma kunnenai. Kai mi ka sa ma naka?"

Ya juya ya fita, ba wadda ta san inda zai tsaya. Mata ba sa fita jana'iza, don haka muka jingina da bango muna kasa kunne. Na ji liman ya ce a daidaita sahu, raina ya ɓaci, don na ɗauka shi zai ja sallar. Sai aka yi kabbarar farko, muryar kuma ta Nasiru ce. Ta biyu ta zo a kan kari. Kafin ta uku an yi jinkirin da ya sa wata tsohuwa kusa da ni ta kama hannuna, da ta fito kuma a karye ta fito. Ya dai cika huɗu, ya sallame.

Ba zan ce Inna ta kawo hujjar da ba ta da amsa ba. Na san yayana, da an ba shi mako guda zai samo amsa a littafi. Ba a ba shi ba.

Bayan an tashi zaman makoki na tambayi Inna abin da ya hana ta faɗin wannan tun tuni, ko ta bakina ne. Ta ce ta gaya wa Baba tun ranar da labarin ya iso masa, shi ya hana a kai maganar Shagari. Ya ce yaron ya ji kunya gaban malaminsa sau ɗaya, in aka nuna masa cewa shi ma kuskure ya yi zai ji ta biyu, kuma gara garin ya ci gaba da zagin tsoho. Nasiru bai san wannan ba. A wannan rubutun zai fara jinsa.

Ya Allah, bawanka Sa'idu ya zo gare ka da abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya marasa lafiyar da ya tsaya a kansu su zama shaida a gare shi. Ka ba Inna ƙarfin takaba da haƙurin ɗakin da ya yi mata faɗi. Ka sanyaya zuciyar Nasiru, kada ka bar shi shi kaɗai da abin da ya karanta yanzu. Waɗanda suka tako daga Shagari da Horo Birni da Danchadi da Dingyaɗi, ka mayar musu da ladan tafiyarsu. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.