Najaha da Wayar da Ba Ta Buɗuwa

Duk wanda ya san kasuwar Matameye ya san teburin Tanko mai gyara, a gindin dogonyaro, kusa da inda motocin Kance ke lodi. Da rediyo ya fara, ya koma kaset, da zamani ya juya ya koyi gyaran waya yana da furfura a gemu. Najaha ce ƴarsa ta huɗu, kuma ita kaɗai ce cikin ƴaƴansa ta zarce da lakwal, wato makarantar boko. Tun tana ƙarama, idan ta kawo masa abincin rana ba ta komawa gida, sai ta tsaya tana sauraren masu kawo gyara. A nan ta gane cewa a garinsu waya ba kayan ado ba ce. Da an gama girbin gero maza sun tsallaka Kano da Katsina, wasu har Legas, ba a ganinsu sai damina. Abin da ya rage wa matan shi ne muryar da ke shigowa ta wayar.

Da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, Tanko ya tura ta Damagaram, wata makarantar koyon kasuwanci da tafiyar da kamfani. Ta so karatun ƙwarai, musamman darasin Mushe Ɗahiru, mai koyar da dabarun kamfanoni. Wata rana ya ce musu, "Kowa zai iya sayar wa mutum kaya sau ɗaya. Gwanin kamfani shi ne wanda ya tsara abinsa yadda mai saye ba shi da wurin zuwa sai wurinsa." Najaha ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa. A lokacin ba ta ga fuskar kowa a cikin maganar ba, hikima kawai ta gani.

A shekara ta uku aka ce kowane ɗalibi ya nemi wurin istaj, wato aikin gwaji na wata uku. Ta samu a wani sabon kamfanin waya da ke Yamai, wanda ke son shiga kasuwannin yankin Kance. Shugabar sashen talla, Madam Anisa, ita ta karɓe ta. Aikin shi ne ta gano irin wayar da mutanen yankin ke so, da kuma wanda suke jin maganarsa idan za su saya.

Najaha ta riƙe aikin da hannu biyu. Ta bi Matameye unguwa-unguwa, ta hau kabu-kabu zuwa Kance da Ɗan Barto. Gidajen da baƙo ba ya wuce zaure, ita sai a ce, "Ai ƴar Tanko ce, a ba ta tabarma." Matan ba su ɓoye mata komai ba. Suna son wurin sim biyu, na gida da na ƙetare. Suna son lasifika mai ƙarfi don tsohuwa ta ji muryar ɗanta, da fitila mai haske sosai. Ta rubuta shafi arba'in. A shafi na goma sha bakwai ta sa abin da take ganin shi ne zuciyar binciken: mutum a nan yana riƙe waya ɗaya shekara biyar, domin mai gyara na canja mata batir da gilashi, kuma ba ya sayen sabuwa sai wadda mai gyara ya yaba. Ta ba da shawara kamfani ya haɗa kai da masu gyara, ya koya musu, ya riƙa kawo musu kayan canji.

Madam Anisa ta karanta, ta kira ta. "Najaha, ban taɓa samun rahoto irin wannan ba. Za mu buɗe shago a Matameye, za mu buƙaci mai riƙe shi. Ki sa ido."

Bayan wata biyar wayar ta iso, da sim biyu, da lasifika mai cika ɗaki, da fitila kamar ta mota. Tanko ya juya ta a hannu, ya duba gefe da gefe, ya ce, "To ina murfin batir?" Babu. An liƙe bayanta ruf, ko hanyar farce ba a bari ba. Najaha ta tambayi kamfani, aka ce mata kayan buɗewa da na canji suna hanya. Tanko ya yarda, tunda ƴarsa ce ta faɗa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ka saya, da hannun Najaha a ciki." Cikin kasuwa uku wayar ta cika gari. Mutane suka sa mata suna ƴar-liƙe.

Sai aka fitar da sanarwar neman mai riƙe shago. Ba a karɓar takarda a hannu. Ta waya ake cika komai, sannan mutum ya ɗauki bidiyon kansa na minti biyu yana magana da Faransanci. Najaha ta sa sabon mayafi, ta jingina wayar da buhun gero a ɗakin mahaifiyarta, ta yi ta maimaitawa har sau tara, saboda akuyar maƙwabta ta ƙi yin shiru. Ta tura. Ba ta ma ninke mayafin ba saƙo ya shigo: sun gode, amma ba ta dace da abin da suke nema ba. Ta duba agogo. Minti huɗu. Bidiyon kansa minti biyu ne.

Ta kira Madam Anisa.

"Madam, wa ya duba takarduna?"

"Na'ura ce ke tacewa, Najaha. Mutum ɗari shida suka nema."

"Na'urar ce ta shiga gidajen Ɗan Barto? Ita ta rubuta muku shafi arba'in?"

Madam Anisa ta ce, "Bari in faɗa miki gaskiya, tunda kasuwanci kike karanta. Ko ni na duba ba zan ɗauke ki ba. Kin san mutanen nan da yawa. Muna son wanda zai iya kallon mai saye ya ce masa a'a."

"A'a a kan me?"

"A kan gyara. Rahotonki ne ya nuna mana inda matsalar take. Shekara biyar da waya ɗaya! Wane kamfani zai rayu a haka?"

"To kayan canjin da kuka ce suna hanya fa?"

"Tsarin ya canja."

Najaha ta tsaya da wayar a kunne bayan an kashe. Ta san sunan wannan dabara da Faransanci. Ta taɓa amsa tambaya a kanta a jarrabawa, ta ci maki goma sha bakwai cikin ashirin. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba su saci komai ba. Ita ta ɗauko amanar da ubanta ya tara shekara talatin, ta jera ta shafi-shafi, ta sa lamba, ta miƙa musu tana murna.

Aka kawo wani saurayi daga Yamai mai suna Yasin, wanda bai san kowa a garin ba, aka ba shi shago mai fenti ja a bakin hanya.

Da bazara ta gaba ta kama, batiran ƴar-liƙe suka fara kumbura. Najaha ta zo hutu, tana zaune kusa da teburin ubanta ranar kasuwa, sai ga wata mata daga Ɗan Barto, Hadiza, ɗaya daga cikin waɗanda suka shimfiɗa mata tabarma. Wayarta ta mutu. Mijinta ya rasu a Legas wata biyu da suka wuce, kuma saƙonninsa na murya duk suna ciki.

Tanko ya ce zai gwada. Ya ɗumama gefen wayar, ya sa siririn ƙarfe a hankali, gumi na zuba masa. Sai aka ji ƙas. Gilashin ya tsage daga sama har ƙasa.

Hadiza ta dube shi. "Baba Tanko, kai ka ce in saya. Tsohuwar tawa lafiyarta lau, na bayar da ita saboda maganarka." Ta juyo ga Najaha. "Ke kuma da kika zo gidana da littafinki, dama wannan kika zo yi?"

Tanko ya ajiye ƙarfen, ya sunkuyar da kai. Najaha ta fizgi wayar, ta ratsa kasuwa, ta shiga jan shagon ba sallama, ta dangwara ta a kan teburin shagon.

"Buɗe ta."

"Malama, ba ma buɗewa," in ji Yasin. "Za ta iya kawo wannan a ba ta sabuwa da rangwame."

"Muryar mijinta ma za ku ba ta sabuwa? Mutumin yana kabari!"

"Ni ba ni na ƙera ta ba."

"Na sani. An ɗauko ka ne don ba ka san sunan kowa ba. Sunanta Hadiza. Ga ta can tana kuka a gindin dogonyaro. Fito ka faɗa mata da bakinka."

Bai fito ba. Mutane suka taru a ƙofa, wani dattijo ya riƙa cewa ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ne ya kai su nan. Ta fita tana huci, ba ta samu komai ba.

Muryar mijin Hadiza ba ta dawo ba. Tanko ya aika wayar Kano wurin wani gwani, aka dawo da ita yadda ta tafi.

Najaha ta koma Damagaram ta yaga kundin kammala karatun da ta kusa gamawa, ta sake sabo a kan ƴar-liƙe. Ta sa rahotonta na istaj a ciki ba ta rage ko harafi ba, ta bi shi da abin da aka yi da shi. Ranar kare kundin Mushe Ɗahiru ya ce, "Wannan ba nazari ba ne, ƙara ce kika shigar. Ta fuskar kamfani dabarar ta yi nasara."

"Ta yi, Mushe," ta ce. "Shi ya sa na rubuta a kan wa ta yi."

Suka ba ta makin da ya isa ta wuce, ba ƙari.

Ta dawo Matameye da digirinta, ta sa kujera kusa da ta ubanta. Wasu suka ce asarar karatu. Ta tara masu gyara goma sha ɗaya daga Matameye da Kance, suka haɗa hannu suka sayo injin narkar da gam daga Kano, ake zagayawa da shi. Yanzu suna buɗe ƴar-liƙe bakwai cikin goma ba tare da ta fashe ba, sai dai idan an sa mata gilashin da ba na kamfanin ba, wani lokaci ta ƙi tashi. Najaha ta kafa allo, ta rubuta sunayen wayoyin da ke buɗuwa da waɗanda ba sa buɗuwa, da boko da ajami. Tanko kuwa har yau bai sake yaba wa kowa waya ba. Idan an tambaye shi sai ya nuna allon da haɓa.

Cinikin jan shagon ya ragu, amma bai rufe ba, domin ƴar-liƙe tana da araha kuma tana da kyau a ido. Wata safiya Yasin ya tsaya a gaban teburin da jakarsa a kafaɗa. Ya nuna mata saƙon da ya shigo masa: an gode, an soke aikinsa daga yau, saboda bai kai adadin da aka sa masa ba. Ko kiransa ba a yi ba.

"Na zo in ce ki yafe ni," ya ce.

"Ba ni ka yi wa ba, Hadiza ce. Motar Ɗan Barto tana can, idan da gaske kake."

Ya daɗe a tsaye yana kallon tasha. Daga baya ya shiga motar Damagaram. Kafin sati ya zagayo an kawo wani sabo, shi ma baƙo, an sake wa shagon fenti. Najaha ta ɗauki goga ta ƙara sunan sabuwar wayarsu a ɓangaren waɗanda ba sa buɗuwa, ta rubuta shi da manyan baƙaƙe yadda za a iya karantawa daga ƙofar shagon.